Kwallin da Na Sa Mata

Ranar da zan bar Damagaram, Innata ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Ta kira ni ɗakinta, ta zura hannu ƙasan akwati ta ɗauko tandun kwalli, ɗan ƙarami na fata, wanda hannu ya goge har ya yi sheƙi. Ita ta niƙa kwallin da kanta a kan dutse, ta tankaɗe da ƙyalle. Ta ce, "In Allah ya ba ki haihuwa a can, kar ki bar mini jika da farin ido kamar marar uwa." Na ce to. Ina da shekara ashirin, zan bi mijina zuwa wani gari da ban iya ko faɗin sunansa ba, Greensboro, a Amirka.

Mijin nawa ɗan wan babana ne. Tun ina ƙarama nake ce masa Yaya, har yau bakina bai iya canzawa ba. Yana aiki a wani babban sito na kaya wajen McLeansville, ya fita da sassafe ya dawo bayan la'asar. Ni kuwa a aji huɗu na bar lekol, makarantar boko, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Abin da na iya shi ne kitso, da kallo. Ni mutum ce mai yawan tsoro, kuma mai tsoro ba abin da ke wuce masa.

Shekara guda da zuwana na haifi 'ya mace. Tun kafin suna na sa mata kwalli, kamar yadda aka yi mini, kamar yadda aka yi wa Inna. Da muka kai ta awo, nas ɗin, wata dattijuwa baƙar fata mai sanyin murya, ta kalli idon jaririyar, ta ɗauki auduga ta goga, ta tsaya tana duban audugar. Ta yi wa Yaya magana mai tsawo. A mota ya ce mini, "Ta ce wannan abin yana da dalma a ciki, yana cutar da yara. Ki daina."

Na ce na daina. Ban daina ba.

Ba taurin kai ba ne. In na dubi fuskarta ba kwalli sai in ga kamar ba ta da kowa a duniya. Inna kuma duk sanda muka samu katin waya, tambayarta ta farko ke nan: "Kina sa mata?" Sai na mayar da shi ranar Juma'a kawai. In Yaya ya fita, in ɗora ta a cinya in zizara mata, mu wuni da kyanmu ni da ita, kafin ya dawo in goge da ruwan ɗumi. Haka na yi har ta shekara biyu, ta fara magana, na ji tsoron kar ta faɗa. Na mayar da tandun ƙasan akwati.

Tana shekara biyar na fara lura. Lokacin sanyi ne, da rana ke faɗuwa tun kafin mutum ya gama aikin gida. Muna zaune a hawa na biyu. In mun dawo daga kanti da magariba, yarinyar da ke tsalle da rana sai ta tsaya cak a gindin matakala, ta damƙi zanena. Tana hawa tana laluben kowane mataki da ƙafa. In cokali ya faɗi ƙarƙashin tebur, ga shi a gabanta, sai ta bi ƙasa da tafin hannu. Takalminta ma a bakin ƙofar masallaci da ƙafa take gane shi. Na faɗa wa Yaya, ya ce shagwaɓa ce, duk yara na tsoron duhu. Na ce, "Yaya, ba tsoro ba ne. Mai tsoron duhu gudu yake yi. Ita tsayawa take."

Sai da malamarsu ta aiko da takarda sannan ya yarda. Likitan ido na farko ya tura mu wani babban asibiti a wani gari, aka ba mu randebu, wato ranar da za mu je. Suka ɗiga mata magani, baƙin idonta ya buɗe ya yi faɗi, suka ɗauki hoton cikinsa. Likitan ya juyo mana da allon kwamfuta.

Ban taɓa sanin ana iya ganin bayan ido ba. Wani da'ira ne ja-ja, kamar rana gab da faɗuwa, da jijiyoyi sun ratsa shi. Tsakiyar fes. Amma can gefe-gefe, duk zagayen, ga wasu baƙaƙen ɗigo a warwatse, wasu sun haɗu sun yi 'yan rassa.

Likitan bai buɗe baki ba na riga na san ko mene ne. Na sha ganin su a tafin hannuna, in na karkaɗe tandu. Garin kwalli ne.

Ya yi bayani mai tsawo, yana nuna ɗigon da bayan biro. Ya yi wa Yaya tambayoyi, Yaya na amsawa da kai a sunkuye. Ni ban ji komai ba, kunnena ya toshe. A hanya na ce, "Me ya ce?" Yaya ya daɗe yana kallon titi. Ya ce, "Ya ce wani abu ne ke taruwa a bayan idon. Ba shi da magani yanzu. Za a riƙa dubawa duk shekara." Na ce, "Me ya kawo shi?" Ya ce, "Allah ya kawo shi." Yarinyar na baya da baƙin tabarau na roba da suka ba ta, tana waƙar lekol.

Wata huɗu na yi ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Ba zan iya faɗa wa Yaya ba, shi da ya ce in daina na ce na daina. Ba zan iya faɗa wa likita ba, don a gidajenmu na haya kullum ana maganar cewa a ƙasar nan in aka ga uwa ta cuci ɗanta, hukuma zuwa take ta ɗauke shi. Inna kuwa, ta yaya zan ce mata kyautarta ce?

Sai na ce abin da ya shiga ai zai fita. Kowace safiya kafin motar lekol ta zo, in kwantar da ita a cinyata, in ɗaga haɓarta sama don ruwan ya gangara can baya, in riƙa tsiyaya mata ruwan ɗumi. Wata Hajiya ta ba ni zamzam a 'yar kwalba, shi ma na ƙarar da shi a idonta. In na gama in goge da farin ƙyalle, in kai taga in duba ko baƙi ya fito. Ba ya fitowa. Yarinyar na kuka tana ce mini da Turanci yana mata zafi, in ce yi haƙuri, saura kaɗan. Tana tafiya lekol da ido ja. Na rame har matan masallaci suka fara yi mini barka, suna zaton ciki ne.

Akwai wata Bakanuwa da ke zuwa kitso wurina duk bayan mako uku. Karatun digirin dakta take a jami'ar garin, ba ta da aure, ta girme ni da kamar shekara biyar. Tun ranar farko da ta ji daga inda na fito muka kama wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Tana shigowa za ta ce, "Ina baiwata? Zo ki gyara kan uwargijiyarki." In ce, "Bakanuwa, kin zo cin tuwon banza ko? Ku dai ba ku wuce inda ake rabo." Ita kaɗai ke sa ni dariya a lokacin.

Ran nan tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna, na kai rabin kai, sai ta dubi agogo ta ce, "Yi sauri, 'yar Damagaram, yau ban ba yarana abinci ba."

Na ce, "Yara kuma? Yaushe aka yi auren ba a gayyace mu ba?"

Ta yi dariya. Ta ce 'yan mitsi-mitsin halittu ne da take renon su a faranti a labo, ɗakin gwaje-gwajensu na jami'a, irin waɗanda aka gina jikin mutum da su, ana ce musu sel. Nata daga bayan ido aka samo su. Ta ce aikinta shi ne ta zuba musu wani gari mai laushi, ta zauna ta ga yadda suke haɗiye shi.

Hannuna ya tsaya a gashinta.

Na ce, "Na bayan ido? Suna haɗiye gari?"

"Ƙwarai. Ai acici ne, kamar ku. Abin da na zuba musu duk sai su lanƙwame."

"Ko kwalli?"

"Kwalli?" Ta ɗan yi tunani. "Ban taɓa gwadawa ba. Amma in ya yi laushi sosai, ina jin za su haɗiya. Ke, kin ja mini gashi!"

Ban san sanda na saki kan ba. Ashe gaskiya ne, ga mai ilmi ta faɗa da bakinta. Kukan da na riƙe wata huɗu ya ƙwace. Ta juyo a firgice da rabin kai a tsefe, tana cewa, "Subhanallahi, me na ce? Wasa nake yi!" Na tashi na buɗe akwati na ɗauko hoton da asibiti suka ba mu, da tandun, na ajiye a gabanta. Na faɗa mata komai, har da Juma'o'in, har da wankin safiya.

Ta daɗe tana kallon hoton. Wasa ya bar fuskarta. Ta ce, "'Yar uwa, in na faɗa miki da baki ba za ki yarda ba, za ki ce lallashi ne. Ranar Asabar da safe zan zo in ɗauke ki. Ki taho da tandun. Kuma daga gobe kar ki ƙara zuba mata komai a ido, kin ji ni? Ko zamzam ne." Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitson ta tafi.

Ranar Asabar Yaya na wurin aiki. Na bar yarinyar wurin maƙwabciya, Bakanuwa ta ɗauke ni zuwa labo ɗinsu. Ginin shiru, sai ƙugin firji ta ko'ina da wani wari kamar na asibiti. Ta ce ta nemi izini wurin malaminta. Ta sa mini farar riga da safar hannu, ta ce, "Kai, baiwata ta zama dakta."

Ta ɗauko wani akwatin ƙanƙara ta buɗe. Idanun shanu ne a ciki, daga mayanka ake kawo musu. Na sha babbaka kan rago da layya, amma ban taɓa riƙe ido shi kaɗai a hannu ba. Ta ɗora mini ɗaya a tafi, ta ce, "Matsa." Na matsa. Tauri gare shi kamar ƙwallon roba. Ta ce, "Ba ni tandun." Ta lakaci kwallin Inna ta shafe gaban idon da shi, baƙi ƙirin, ta zuba ruwa, ta murza da yatsa. Ta ce, "Nemo mini ƙofar da zai bi ya shiga." Na juya shi, na sake juyawa. Ba ƙofa. Farin bangon ya zagaye shi ruf, gaban kuma, inda nake zaton rami ne, ashe rufe yake da wata fata mai haske kamar gilashi.

Ta ce, "In kin sa kwalli, da yamma kika fyace hanci, me kike gani?"

Na ce, "Baƙi."

"To can yake tafiya. Hawaye ke wanke shi ya bi wata 'yar hanya ya sauka hanci. Nawa na faranti suna haɗiyar gari ne don ni na buɗe na zuba musu a kai. Na cikin ido a kulle suke."

Zuciyata ta ɗan sassauta, amma ban sake ba. Na ce, "To baƙin da ke hoton fa? Na gan shi da idona."

Ta ɗauko wani idon, wanda ba ta shafa wa komai ba, ta sa ƙaramin almakashi ta zagaye shi, ta raba biyu. Wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai ya zubo. Ta miƙo mini rabin baya, kamar ɗan ƙoƙo. Ta ɗaga wani siririn mayafi da ke shimfiɗe a ciki, ya fi fatar albasa laushi, ta ce wannan shi ke gani. A ƙarƙashinsa wani gefe na ƙyalli shuɗi-kore, ta ce shi ke sa idon saniya walƙiya in an haska ta, mu mutane ba mu da shi. Sauran kuwa baƙi ne wuluk.

Ta ce, "Sa yatsa ki shafa."

Na shafa. Na ɗago yatsana. Safar ta yi baƙi, baƙi mai laushi, sak kwallin Inna.

Ta ce, "To faɗa mini, 'yar Damagaram. Wa ya sa wa saniyar nan kwalli? Ko ita ma uwarta ranar Juma'a take zizara mata?"

Na tsaya ina kallon yatsan. Ta jawo mini kujera na zauna. Ta ce kowa da shi aka haife shi, ni da ita da Bature mai shuɗin ido. Allah ya shafe cikin ido da baƙi don haske kar ya yi ta yawo a ciki.

Da na natsu ta kai ni wurin madubin da ke ƙara girman abu, ta kashe fitilar ɗakin, ta ce in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai ga su. Sun jeru sun manne da juna kamar saƙar zuma, kowanne da ɗakinsa, kuma a cikin kowane ɗaki ga 'yan ɗigo kore suna haske. Ta ce korayen su ne abincin da ta ba su, ta rina shi ne don ta gan shi. Waɗanda ke gefe yanzu aka kama su. Waɗanda suka yi can ciki, haskensu ya dusashe, an fara narkar da su.

Ta yi mini bayani a hankali, in na ɓace ta dawo baya. Ga yadda na riƙe shi. Mayafin nan mai gani cike yake da wasu 'yan tsinkaye, tsaye kamar ciyawa, bakinsu na taɓa baƙaƙen sel ɗin da ke bayansu, irin na farantinta. Haske na cinye bakin tsinkayen, kamar yadda bakin tsintsiya ke lalacewa da shara. To suna tsirowa daga gindi, kuma kowace safiya, in haske ya shigo, sai su karye tsohon bakin su yar. Ba inda shara za ta fita, ido a kulle yake. Sai baƙaƙen nan su miƙo gefen jikinsu su lulluɓe guntun, kamar yadda mace ke ƙulle abu a bakin zane, su ja shi ciki. A ciki ƙullin ya haɗu da wata 'yar jaka mai ruwan tsami, ta narkar da shi. Abin da ke da amfani su mayar wa tsinkayen, su ci gaba da tsiro.

Na ce, "Kullum?"

Ta ce, "Kullum. Tun ranar da aka haife ki har ranar da za a rufe miki ido. Ba hutu, ba Sallah."

Na tuna duk safiyoyin da na tashi ina share tsakar gida a Damagaram, ashe a cikin kaina ma ana shara ban sani ba.

Ta ce a wasu yaran masu sharar ne ba su iya haɗiya da kyau, sai tarkace ya taru tsinkayen su shaƙe. A wasu kuma tsinkayen ne da kansu ke da rauni. Ko ta wace hanya, masu gani a duhu su ke fara mutuwa, daga gefe. In sun mutu sai baƙaƙen su bar wurin zamansu su matso gaba, su ne ɗigon da na gani a hoto. Ta ce, "Wanne ne na 'yarki, ban sani ba, ni ba likita ba ce, kar in yi miki ƙarya. Amma wannan baƙin nata ne, ba naki ba."

Sai ta tambaye ni ko akwai mai dundumi a danginmu.

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna ƙanen kakanmu. Muna yara, in magariba ta yi, bango yake bi zuwa masallaci, hannunsa har ya yi wa katangar layi. Kafin ya yi furfura sai da sanda. Mutane na cewa sammu aka yi masa a kan gona. Kakan nan kuwa nawa ne, kuma na Yaya ne.

Ta gyaɗa kai. Ta ce yawanci sai uwa da uba duk suna ɗauke da abin a ɓoye, su lafiyarsu ƙalau, in ya haɗu a jikin ɗa sannan ya bayyana. Ba laifin kowa ba ne, ba wanda ke ganinsa kafin ya fito.

Ina cire safar ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka, sai ta riƙe hannuna. Ta ce, "Saura magana ɗaya, kuma ba za ki so ta ba. Nas ɗin nan gaskiya ta faɗa. Irin wannan kwallin yakan zo da dalma. Bai shiga bayan ido ba, amma abin da ya sauka hanci ya bi maƙogwaro, yana iya shiga jini. Sai an auna jininta. Kuma ba za a auna ba sai kin faɗa."

Na ce, "Za su ƙwace ta."

"Ba mai ƙwace ta don uwa ta zo da kanta ta ce a duba mata 'ya. Ni zan raka ki, ni zan yi miki tafinta. Amma babanta za ki fara faɗa wa. Wannan ba zan yi miki ba."

Washegari Lahadi, bayan mun karya, yarinyar na ɗaki tana kallon talabijin. Na ɗauko tandun na ajiye a gaban Yaya a kan tabarma. Na durƙusa. Na faɗa masa tun daga Juma'ar farko. Ban ɗaga kai ba sai da na kai ƙarshe, har saniyar, har ƙanen kakanmu.

Da ya yi magana muryarsa a sama take. "Shekara biyu? Ina fita kina yi? Na tambaye ki kika ce kin daina!" Na ce haka ne. "Kuma jan idon nan da take fama da shi, da nake cewa ko ciwon ne ke ƙaruwa, ashe ke ce da ruwa?" Na ce ni ce. Ya tashi ya je taga ya tsaya, ya ba ni baya. Ina jin motoci na wucewa a ƙasa.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Likitan ya faɗa mini tun ranar. Ya tambaya ko mu 'yan uwa ne, na ce e. Ya ce gado ne, daga ni da ke."

Na ɗago kai. "Yaya, ka sani? Na tambaye ka a mota."

"Na sani." Ya juyo, idonsa ya kaɗa. "Ni na ce ke nake so, ni na aika gida a nema mini ke. Na ce in kika ji, kullum kika dube ni za ki ga ni na jawo mata. Na ga kina ramewa, na zaci kin gane ne."

Wata huɗu muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci a kwano ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan uwansa. Na so in yi fushi, na ga ba ni da bakin yi. Ya dawo ya zauna. Ya ɗauki tandun yana juya shi a hannu, ya ce, "Na Inna ne ko? Na san shi tun ina yaro." Muna nan zaune har yarinyar ta fito tana neman ruwa.

Mu uku muka kai ta awon jinin, da Bakanuwa, da kitsonta da na ƙarasa mata a daren jiya ya fito a karkace. Ni na yi maganar da bakina, Bakanuwa na juyawa da Turanci. Likitar yara ta saurara har na gama, ba ta ɗaure fuska ba. Ta ce in bar musu kwallin su auna. Na juye musu garin a 'yar kwalba, na riƙe tandun. Bayan kwanaki suka kira: akwai dalma a garin, amma jinin yarinyar ba abin tsoro, an daɗe da dainawa. Ba wanda ya zo ƙwace ta. Na kira Inna na ce jikokinta na gida ma a daina sa musu na dutse. Ta ce mu 'yan Amirka mun cika tsirfa. Ban ja da ita ba, na dai maimaita, kuma duk kiran da na yi sai na sake maimaitawa.

Idon bai warke ba, ba zan rubuta abin da bai faru ba. Duk shekara muna komawa a ɗauki hoto, ɗigon na matsowa kaɗan-kaɗan. Muka koma hawa na ƙasa. Yaya ya sa fitilu a kowane lungu na gidan. Tana karatu da kyau, tsakiyar idon na nan garau, sai dai in za ta dubi abu a gefe sai ta juya kanta duka. Bakanuwa ta gama karatunta ta koma wani gari da aiki. Ranar da za ta tafi na ce, "Ki gaida yaranki, ki ce su yi ta ci." Ta ce, "In sun ƙi ci zan kawo su Damagaram su koya."

Abin da ya daɗe bai warke ba hannuna ne. Tun daga lokacin ban ƙara kai shi kusa da idonta ba. Ko wanka nake mata, in na zo fuska sai in miƙa mata ƙyallen.

Sallar da ta cika shekara tara, da safe muna shiri, ta ga 'yan matan maƙwabta sun yi kwalliya. Ta zo ta tsaya a gabana ta ce da Hausarta mai gargada, "Momi, ni ma ki sa mini na ido." Na ce ba mu da shi. Yaya na ɗaura agogo, ya ce, "Akwai." Ya zaro wani fensirin kwalliya daga aljihu, sabo a ledarsa, ya ce ya nuna wa mai farmasi, mai sayar da magani, ya ce masa ba komai a ciki. Ashe ta riga ta roƙe shi tun jiya.

Na ɗage labule, hasken safiya ya shigo. Na zaunar da ita a cinyata, ta yi mini nauyi yanzu, ƙafafunta har ƙasa. Na ce ta dubi sama. Hasken ya faɗa cikin idon, baƙin ya tsuke, na tuna cewa a daidai wannan lokacin, can baya inda hannuna bai taɓa kaiwa ba, ana ta ƙoƙarin shara gwargwadon iko. Na yi bisimilla. A idon farko layin ya ɗan kauce. Ta ce, "Momi, kin ɓata." Na lashi yatsa na gyara, na kama na biyun.